Darasi na Bakwai: Tambur, Kuɗin Motar Wasiƙa

Duk wanda zai tafi Yamai daga Maraɗi ya san ba a shiga mota sai an biya. Wasiƙa ma matafiyiya ce, tana da kuɗin motarta, kuma shaidar biyan ita ce ƴar takardar nan mai hoto da ake mannawa a goshin ambulan. Mu a nan tambur muke cewa. Ƴan'uwanmu na Katsina da Kano kuwa kan sarki suke cewa, domin a zamanin Turawan Ingila kan sarkinsu ake bugawa a jikinsa. Can Ingila aka fara shi a 1840, da kan sarauniya Biktoriya. Kafin nan, wanda aka aiko wa wasiƙa shi yakan biya, in ya ƙi karɓa kuwa wahalar mai kaiwa ta tashi a banza. Sai wani malamin makaranta, Rowland Hill, ya kawo shawara mai aikawa ya riƙa biya tun farko, a yanka kuɗin bisa nauyin takarda.

Na san wani zai ce salula ta kashe wasiƙa. Ta rage ta dai. Dosiyen konkur na ɗanka, wato takardunsa na shiga jarrabawar neman aiki ko makaranta, ko takardar wakilci da ka sa wa hannu, ko takardar shaidar karatu da aka ce sai ta asali, ba sa bi ta WhatsApp. Ranar da buƙatarsu ta taso, ba na so ɗalibinmu ya tsaya bakin gidan waya yana neman wanda zai taimake shi a kan abin da ya iya.

Tambur iri biyu ne

A nan mutane suka fi yin asara, don haka a saurara da kyau. Akwai tambur ɗin da ake mannawa a takardun hukuma, irin su kwafin takardar haihuwa da takardun kotu. Wannan haraji ne, kuɗinsa na baitulmali ne, a jikinsa za ka ga an rubuta timbre fiscal. Akwai kuma na gidan waya, wanda Niger Poste ke sayarwa, shi ne na wasiƙa. Sunansu ɗaya a bakinmu, aikinsu daban. Shekarun baya ni kaina na sayi na haraji na manna a ambulan, na jefa cikin akwati, na zauna ina jiran amsa. Takardar ba ta bar garin nan ba, kuma ta neman aiki ce mai wa'adi. Har yau in na tuna sai raina ya sosu. Idan za ka saya, faɗa a fili: "Na wasiƙa nake so."

Duba kuma sunan ƙasa. Dole ka ga NIGER a jiki. Mu mutanen bakin iyaka ne, ƴan kasuwarmu kullum suna bin hanyar Ɗan Isa da Jibiya, wani yakan dawo da kan sarkin Najeriya a aljihu. Wannan ba ya aiki a Maraɗi, ko da Katsina wasiƙar za ta. Na Benin ko na Mali ma haka, duk da kuɗinmu ɗaya ne, sefa. Ƙa'idar ita ce, ƙasar da wasiƙa ta tashi ita ke da tambur. Sauran ƙasashe suna karɓarta su isar ba tare da sun nemi nasu ba, saboda yarjejeniyar gidajen waya ta duniya da aka ƙulla a birnin Bern a 1874.

Karatun lamba

Lambar da ke jikin tambur tamma ce, mu kuwa da dala muke lissafi. Dala ɗaya tamma biyar ce. Saboda haka kowace lamba ka gani, raba ta biyar:

100F dala ashirin
250F dala hamsin
500F dala ɗari
1000F jika guda

A kula da layin farko da na uku. Ido ya ga 100 ya ce ɗari, baki ya ce "na ɗari", ma'aikaci kuwa ya ji dala ɗari, ya miƙo na 500F. Ba wanda ya cuci wani, lissafi biyu ne suka haɗu. In ka yi shakka, ka ce a rubuta maka lambar a takarda ka karanta da kanka. Ai don wannan muke zuwa aji.

Kada ka sayi tambur da ka. Kuɗin wasiƙa ya dogara da nauyinta da kuma inda za ta. Ta Damagaram da ta Makka ba farashinsu ɗaya ba. Matakin farko na awo giram 20 ne. Farar takarda irin ta fotokofi giram 5 ce, wato falle uku da ƙaramin ambulan sun kai bakin iyaka, in ka ƙara hoto ko kati ka shiga mataki na gaba. Shi ya sa ake fara ɗora ta a sikeli. Karanta wannan hira da ƙarfi, mutum biyu-biyu:

"Salamu alaikum. Sannu da aiki, ɗana."
"Wa alaikumus salam, Inna. Ina za ta?"
"Yamai. Auna mini ita tukuna."
"To, ta ɗan yi nauyi. Takardu ne a ciki?"
"Dosiyen jikana ne."
"In haka ne, Inna, gara a yi mata rakomande."
"Nawa ke nan? Rubuta mini in gani."

Shawarar yaron nan gaskiya ce. Rakomande ya fi tsada, amma ana ba ka rasit mai lamba, kuma mai karɓa sai ya sa hannu. Takardar da in ta ɓace za ka yi wata kana zirga-zirga kafin ka sami madadinta, kada ka yi mata rowa. Adana rasit ɗin har sai an ce maka ta iso. Tsabar kuɗi kuwa ba a sa su cikin ambulan, akwai hanyar aika su daban.

Idan tambur ɗaya bai cika kuɗin ba, sai a haɗa biyu ko uku. A ce, don misali kawai, an nemi 350F. Na 250F da na 100F sun biya. In ka sa abin da bai kai ba, wasiƙar takan dawo maka, ko a ci wanda ka aika wa tara kafin a ba shi. Abin kunya ne ka rubuta wa suruki ko babban yaya, a ce sai ya biya kafin ya karanta.

Mannawa

Ajiye ambulan a gabanka, bakinsa na kallon ƙasa. Wurin tambur shi ne kusurwar sama ta hannun dama, hannun cin tuwo. Tsakiya zuwa ƙasa na mai karɓa ne: sunansa a layin farko, sai B.P. da lambar akwatinsa na gidan waya, sai gari. In wata ƙasa za ta, rubuta sunan ƙasar da manyan baƙaƙe a layin ƙarshe. Naka suna da akwatinka su tafi baya, a kan marfin, don a san inda za a maido ta. Ƴan'uwanka na waje kuma ka ce su riƙa rubuta République du Niger cikakke, saboda NIGER da NIGERIA baƙi biyu ne tsakaninsu.

A bayan tambur akwai ƙaro busasshe. Tsoma yatsa a ruwa, shafa sau ɗaya, ɗora, danna da tafin hannu. Ruwa in ya yi yawa wanke ƙaron yake, tambur ya faɗi a hanya. In biyu ne, jera su kafaɗa da kafaɗa, kada ɗaya ya hau ɗaya, don a ga lambar kowanne. Kada ka rufe shi da salatif kana ganin ka kare shi. Ma'aikaci zai buga masa hatimi mai sunan gari da kwanan wata, wanda muke kira kashe, kuma tawada ba ta kama leda. Sunan ya dace da aikin: daga ranar da kashe ya hau shi tambur ya mutu, ba a ɓamɓaro shi a sake aiki da shi. Yagagge ma ana iya ƙinsa, don haka bi ƴan hujojin da ke tsakanin tambur da tambur a hankali in za ka raba. Wanda ya rage, sa shi cikin littafi wuri mai bushewa, domin laimar damina tana liƙe su da juna.

Aiki

Rubuta waɗannan da dala: 150F, 300F, 750F. An nemi 600F, kana da na 500F ɗaya, na nawa za ka ƙara? Sannan ka ninke farar takarda kamar ambulan, ka zana ɗan gida inda tambur zai zauna, ka rubuta sunan wani ɗan'uwanka da garinsu a gaba, naka a baya. Wanda ke da tsohuwar wasiƙa a adaka ya zo da ambulan ɗinta ranar aji mai zuwa, mu karanta kwanan watan da ke cikin hatimin tare.