Darasi na 9: Lambobinka na sirri da masu sace su ta waya

Yau za mu yi magana kan satar da ba a fasa shago, mutum yana zaune a rumfarsa a kasuwar Muda Lawal ko Wunti a Bauchi sai dai ya ji alat na shigowa kuɗi na fita. Wani lokacin ma sunanka za a ɗauka a ci bashi da shi a manhajojin bashi, ko a bi 'yan uwanka ana roƙon kuɗi kamar kai ne.

Mu fara sanin lambobin tukuna. BVN lamba 11 ce, Babban Bankin Najeriya ya kawo ta a 2014, ita ke haɗa duk asusunka ko bankuna uku gare ka. NIN ma 11 ce, ita ce lambar shaidar ɗan ƙasa ta hukumar NIMC, tun ƙarshen 2020 aka ce kowa ya haɗa ta da layinsa. Katin ATM yana da doguwar lamba a gaba da wasu ƙanana guda 3 a baya, sai fin ɗinka guda 4. Sai OTP da banki ke turowa ta tes in za a fitar da kuɗi, yawanci 6 ce kuma minti kaɗan take yi ta mutu. A cikin duka, lambar akawun mai guda 10 ita kaɗai ake ba mutane su turo maka kuɗi. BVN da NIN sai a cikin banki ko ofishin da ka je da ƙafarka, fin da OTP kuwa ko manajan banki bai isa ya tambaye ka ba.

Ga yadda suke zuwa. Waya ta yi ƙara, murya mai ladabi: "Salamu alaikum Hajiya, barka da rana, daga banki ne, BVN ɗinki ya samu matsala yau ɗin nan za a rufe asusunki, yanzu za ki ga wata lamba ta shigo ki karanto min." Zai faɗi cikakken sunanki har da ranar haihuwa, shi ya sa mutane ke sakin jiki, alhali wannan ba wani abin mamaki ba ne, fotokwafin takardar NIN nawa muka bari a shagon kwamfuta, fom ɗin tallafi nawa muka cike ba mu san wa ya karɓa ba? Ki lura da gaggawar, kullum sai sun ce yanzu-yanzu don kar ki samu damar tambayar wani. Ki kashe wayar kawai, in hankalinki bai kwanta ba ki hau keke napep ki je bankin.

Haka ake kwace WhatsApp. Wani ya kira ya ce shi ne sakataren gurup ɗin adashi ko na Islamiyya, za a yi mitin ta waya, ka karanto lamba 6 da aka turo maka. Kana karantowa shikenan ya ɗauke, kafin la'asar ya tura wa yayarka da surukinka wai kana asibiti a taimaka da dubu 20. A cikin saitin WhatsApp akwai wurin sa fin na biyu, ka sa yau.

Amma inda na fi jin tsoro, musamman mu da karatu bai gama zama ba, shi ne miƙa wa wani. Baba ya je wurin mai POS ya ba da kati ya ce "ɗana danna min, ɗaya tara takwas biyu" da ƙarfi, mutum biyar na tsaye a bayansa. Inna ta rubuta fin a takarda ta naɗe da katin cikin lalita ɗaya. Ko a bar waya wurin mai caji tun safe har magariba da layi a ciki, layin nan kuwa duk wanda ya riƙe shi zai iya danna *565*0# BVN ɗinka ta fito masa, OTP ma wurinsa za ta je. Yawancin masu POS da masu caji mutanen kirki ne masu neman halal, amma ba ka san wa ke leƙe ba. Ka danna fin da kanka ka rufe da ɗaya hannun, kar ka sa shekarar haihuwarka ko 1234, kuma ka sa wa layin kansa fin, sai dai a kula in ka yi kuskure sau 3 zai kulle sai da lambar PUK, wato lambar buɗe layi ta kamfanin layin.

In waya ta ɓata kar ka ce sai gobe. Ka ari wayar wani ka kira banki su toshe asusun, ka je ofishin kamfanin layi da NIN ɗinka a yi maka walkam bak, wato a dawo maka da lambarka a sabon layi. In har an cire kuɗi ka ajiye alat ɗin kar ka goge, ka kai wa banki da 'yan sanda, EFCC ma suna da ofis a Gombe, kuma tun 2015 akwai dokar hukunta masu laifi ta intanet.

Aikin gida: ka rubuta 0 zuwa 9 sau biyar a littafinka, sannan ka yi ta danna su a waya har hannunka ya saba. Ka tambayi bankinka lambar da ake dannawa a toshe asusu, ka rubuta ta a bangon littafin nan. Mako mai zuwa mutum biyu za su fito gaban aji, ɗaya ɗan damfara ɗaya mai asusu, mu ji yadda za ka amsa masa. Fin ɗinka na gaskiya kar ka rubuta shi a littafin, ko ni malaminku kar ku nuna min.