Yadda za ka bi gardamar NATO da Rasha ba tare da an ɗora ka a keken ɓera ba

Duk sanda aka taso da zancen Rasha da ƙasashen Yamma a majalisa ko a guruf ɗin WhatsApp sai ka ga an rabu gida biyu, wannan ya ce Putin gwarzo ne wancan ya ce azzalumi ne, a yi ta musu har a watse ba wanda ya kawo shekara ɗaya ko takarda ɗaya. Abin yana damuna wallahi, don rayukan mutane ne ke salwanta a can Yukren. To ga yadda nake ganin ya kamata ka bi maganar.

Fara da raba abin da aka faɗa da baki da abin da aka sa wa hannu, nan ne tushen rigimar. Ran 9 ga Fabrairu 1990 sakataren harkokin wajen Amurka James Baker ya zauna da shugaban Tarayyar Sobiyet Gorbachev a Mosko ana maganar haɗe Jamus ta Gabas da ta Yamma, ya ce masa NATO, wato ƙawancen tsaro na Amurka da ƙawayenta na Yamma, ba za ta matsa gabas ko da inci ɗaya ba. Ya faɗa kam, yana cikin bayanan zaman. Amma yarjejeniyar da aka sa wa hannu ran 12 ga Satumba na shekarar ta tsaya ne kan yankin Jamus ta Gabas kawai, cewa ba za a girke sojojin waje ko makaman nukiliya a can ba, kuma lokacin Tarayyar Sobiyet da ƙawancenta na soja na Warsaw duk suna nan, sai 1991 suka rushe. Don haka in wani ya ce ba a taɓa yi wa Rasha alkawari ba ka tuna masa da Baker, in kuma wani ya ce an karya yarjejeniya ka ce ya nuna maka sakin layin.

Sai ka duba halin da talakan Rasha ya shiga, don masu sharhi suna yawan tsallake wannan. A Janairun 1992 gwamnatin shugaban Rasha Yeltsin ta saki farashi bisa irin shawarar da masana tattalin arzikin Yamma ke bayarwa, kaya suka ninka fiye da sau ashirin cikin shekara guda, tsohuwar da ta ƙare rayuwarta tana tari a asusun gwamnati ta wayi gari kuɗin sun zama takarda, ka same ta a bakin tashar jirgin ƙasa cikin sanyi tana riƙe da kwanukan gidanta tana neman mai saye. A 1998 kuɗinsu rubul ya sake faɗuwa. Ana cikin wannan ne a Maris 1999 Poland da Hungary da Czech suka shiga NATO, bayan kwana 12 NATO ta fara ruwan bama-bamai a Yugoslabiya ba da izinin Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ba, har firaministan Rasha Primakov da ke kan hanyar Washington ya sa aka juya jirginsa a saman tekun Atlantika ya koma gida. Wanda ya ga duk wannan da idonsa ba sai an yi masa farfaganda ba kafin ya ji an raina ƙasarsa. Ko a Amurka ma tsohon jami'in diflomasiyya George Kennan ya yi gargaɗi tun 1997 cewa faɗaɗa NATO babban kuskure ne.

Amma fa kar ka tsaya nan. Akwai ɓangare na uku da ake mantawa, su ƙananan ƙasashen da ke tsakiya. Ba jan su aka yi da igiya ba, su suka je suka ƙwanƙwasa ƙofa, saboda ba su manta tankokin Sobiyet a Budapest ta Hungary a 1956 da Prague ta Czech a 1968 ba, Estoniya da Latbiya da Lituweniya kuwa haɗiye su aka yi a 1940, shi ya sa suka yi ta naci har suka shiga a 2004. Kuma ita ma Rasha akwai takardar da ta sa wa hannu, a Disambar 1994 a Budapest, Yukren ta rabu da makaman nukiliyarta, Rasha da Amurka da Birtaniya suka yi alkawarin mutunta iyakokinta. A 2014 Rasha ta ƙwace yankin Kirimiya daga Yukren, a 2022 ta kutsa cikin ƙasar gaba ɗaya. Ni dai a wajena ƙorafin Rasha yana da asali, amma bai halasta rusa garuruwan mutane ba.

Ka riƙe taron Bucharest na Afrilun 2008 ma, inda NATO ta ce Yukren da Jojiya za su zama mambobi amma ba ta sa rana ba don Jamus da Faransa sun ƙi. An harzuƙa Mosko, su kuma ba a ba su kariya ba, watan Agusta yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Jojiya. Kar kuma haushin abin da NATO ta yi a Libiya a 2011, wanda yankinmu na Sahel ke ɗanɗana har yau, ya sa ka karɓi duk abin da Mosko ta ce, ai Finland da Suwidin sun daɗe suna 'yan ba-ruwanmu, mamayar 2022 ce ta tura su NATO a 2023 da 2024.

In an turo maka bidiyo tambayi shekarar da abin ya faru da wanda ya sa hannu, sannan ka nemi takardar da kanka a intanet. Ta Budapest ɗin nan sakin layi shida ne kacal, kafin shayinka ya huce ka gama karantawa.