Kurakuran da Masu Ƙera Jiragen Ruwa Ke Yi Wajen Yi wa Ƙirarsu Rajista

Tun da aka fara matsa wa 'yan fito su bar kwale-kwalen katako su koma na faiba saboda yawan haɗurra a kogunan Neja da Kebbi, masu walda da masu aikin faiba a Kaduna suka samu sabuwar kasuwa. Akwai masu hannu sosai a cikinsu, daga Panteka har Kakuri. Amma da zarar an zo batun kare ƙirar gangar jirgin daga masu kwaikwayo, sai ka ga kowa yana faɗawa ramin da na gabansa ya faɗa. Abin ya isa a yi magana.

Sai an san yadda ake satar kafin a gane amfanin rajistar. Mai ƙirar asali yakan shafe watanni yana sassaƙa samfuri da katako da filawud, ya cike, ya goge, ya sake cikewa, kafin ya ɗauki mazubi a kansa. Ɓarawon ƙira ba ya wannan wahala. Jirgi ɗaya zai saya, ya kife shi, ya wanke, ya shafa masa kaki sau da yawa da ruwan hana mannewa, ya fesa fentin fuska, ya shimfiɗa tabarmar faiba da rezin hawa-hawa, ya ɗaure bayan da ƙarfe ko katako don kada ya lanƙwashe. Idan ya bushe ya ɓamɓare, ya samu mazubi cikin 'yan kwanaki. Daga nan sai ya riƙa zuba jirage irin naka sak, kuma ya karya maka farashi tunda bai kashe komai a kan ƙira ba.

A Najeriya, dokar da ke tsaya maka a nan ita ce Dokar Ƙirƙira da Ƙirar Masana'antu ta 1970. Ofishin rajistar yana Abuja, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya. Duk abin da zan faɗa a ƙasa a kanta ya rataya.

Babban kuskure, wanda ya fi kowanne kashe wa mutane ƙirarsu, shi ne nuna jirgi kafin shigar da takarda. Dokar ta ce ƙira ba ta rajistuwa sai in sabuwa ce, kuma ta fayyace abin da take nufi: idan an riga an bayyana ta ga jama'a kafin ranar da ka shigar da buƙata, a ko'ina ne, a kowane lokaci, ta hanyar bayani ko amfani ko wata hanya, to ta tashi daga sabuwa. Ba ta ce sai in wani ne ya bayyana ba. Kai da kanka kana iya kashe ƙirarka, kuma mafi yawa haka ake yi.

Ga yadda abin yake faruwa kullum. An gama jirgi, an fente shi, farin ciki ya kama maigida. Sai a ɗora shi a kan mota da rana tsaka a kai shi bakin Kogin Kaduna gwaji, yara su taru, kowa ya fito da waya. Kafin magariba bidiyon yana Facebook da TikTok, yaron shago ya sa shi a WhatsApp da lambar waya a ƙasa. Bayan wata biyu an sayar da guda uku zuwa Shiroro ko Yawuri. Sai an ga irinsa a hannun wani sannan a ruga wurin lauya ana cewa a yi rajista da gaggawa. Ihu ne bayan hari. Lauyan wancan ɓangaren ba ya buƙatar wata doguwar hujja, bidiyonka da kwanan watan da ke jikinsa ya ishe shi, tare da rasit ɗin da ka rubuta da hannunka.

Wai don Allah, mutumin da ya iya haƙurin goge samfuri wata da watanni, me zai hana shi haƙurin 'yan makonni kafin ya yi talla?

Akwai wani sassauci a dokar: idan a wani baje koli na hukuma, ko wanda hukuma ta amince da shi, ka nuna ƙirar, kuma ka shigar da buƙata cikin wata 6, wannan nunin kaɗai ba zai kashe ta ba. Mutane na jin haka sai su ce ai shi ke nan, bari a kai kasuwar baje koli ta Kaduna da ke hanyar Zariya. Ni ba na ba kowa shawarar ya jingina da wannan. Sassaucin ya shafi nunin da aka yi a wurin ne, bai shafi jirgin da ka sayar ko tallan da ka watsa a intanet ba, kuma kai za a bari da nauyin tabbatar da matsayin bajen kolin a gaban alƙali. Tsarina mai sauƙi ne: a shigar da takarda, a karɓi shaidar shigarwa mai kwanan wata, sannan a fito da jirgi. Idan gwaji a ruwa ya zama dole kafin nan, a lulluɓe shi da tamfol a hanya, a zaɓi wurin da babu jama'a, a karɓe wayoyi, kuma duk wanda zai gani, daga direba har mai sayar da rezin, ya sa hannu a takardar riƙe sirri. Wanda yake tsoron kada rajistar ce ta tona masa asiri, dokar ta ba shi damar miƙa samfurin a cikin ƙunshi da aka rufe, a ajiye shi haka har tsawon da bai wuce wata 12 ba.

Wani abin da ke ƙara rura wannan kuskure shi ne karance-karancen intanet. Yaro zai karanta cewa ana da shekara 2 bayan bayyana jirgi kafin a yi rajista, ya zo ya gaya wa maigidansa. Gaskiya ne, amma a Amurka. Kuma ita ma dokar tana da tarihinta. Kamfanin Bonito Boats na jihar Fulorida ya fitar da wani jirgin faiba a 1976 ba tare da ya nemi wata kariya ba. A 1983 jihar ta yi dokar hana ɗaukar mazubi a jikin jirgin wani, kamfanin ya kai ƙarar Thunder Craft Boats a kanta, amma a 1989 Kotun Ƙolin ƙasar ta soke dokar jihar, ta ce ta ci karo da dokar ƙirƙira ta tarayya. Sai a 1998 majalisarsu ta yi doka ta musamman don ƙirar gangar jirgin ruwa. A ƙarƙashinta ana rajista ne a ofishin haƙƙin mallaka da fom D-VH, kariyar shekara 10 ce, dole a ce an ƙera jirgin a zahiri ba zane kawai ba, kuma ana manna masa alamar harafin D cikin da'ira da shekara da sunan mai shi. Duk wannan bai tsallako teku ba. Mu ba mu da doka ta musamman ga jirage, ba mu da shekara 2, ba mu da ko kwana 2.

Kuskure na biyu mai zafi shi ne rashin rubuta wane ne mai ƙirar. A nan zumunci yake lalacewa. Dokar ta ce haƙƙin rajista na wanda ya fara shigar da buƙata ne, ko shi ya ƙirƙira ko ba shi ba, sai dai in an tabbatar ya ɗauko aikin wani ne ba da yardarsa ba. Ta kuma ce ƙirar da aka yi a bakin aiki ta ubangida ce, wadda aka yi bisa kwangila kuwa ta wanda ya ba da aikin ce. To ka duba: Alhaji ya zo ya ce, “Malam, ka ƙera mini jirgi mai ɗaukar mutum ashirin, ka fitar da fasali mai kyau.” Ka zauna ka ƙone ƙwaƙwalwa, ka fitar da abin da ba a taɓa gani ba, ya biya ka kuɗin jirgi ɗaya. A ganinka ƙirar taka ce. A ganin doka tana iya zama ta Alhaji, har ya hana ka zuba wa wani irinta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Maganin shafi ɗaya ne kafin a taɓa katako: wa ke da ƙirar, wa ke da mazubin, jirgi nawa aka yarda a zuba, wa zai yi rajista. A sa hannu, shaidu biyu su sa. Masu cewa “ai mu 'yan uwa ne, ba sai an rubuta ba” su ne aka fi gani a kotu. Haka kuma tsakanin maigida da yaransa. Idan yaron da aka ɗauka don goge-goge ne ya fito da fasalin da kayan aikin shagon, ƙirar ta maigida ce, amma doka ta ba yaron haƙƙin a biya shi lada daidai gwargwado, kuma wanda ya yi ƙirar a zahiri yana da haƙƙin a ambaci sunansa a rajista. Ku ba shi tun da wuri, kada ya tafi da zanen a kansa ya buɗe shago a layin baya. Sayar da ƙira ko ba da izinin amfani da ita ma sai a rubuce, a kuma kai ofishin rajista a shigar, in ba haka ba ba za ta yi tasiri a kan mutum na uku ba.

Sauran ƙanana ne, amma suna cizo.

Takardar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, sunan kasuwanci take karewa, ba siffar jirgi ba. Rajistar NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida mai hedikwata a Lakwaja, ta izinin shiga ruwa ce da lafiyar jirgi. Alamar kasuwanci kuma tambarinka take tsarewa. Babu ɗaya a cikinsu da zai hana a ɗauki mazubi a jikin jirginka. Masu kai zane hukumar haƙƙin mallaka su ma su sani cewa dokar can ta cire zanen da aka yi shi da niyyar ya zama samfurin masana'anta.

Kada ka cika takardarka da alfaharin gudu da tsimin mai. Dokar ƙira ba ta kare siffar da aka yi ta don cim ma sakamakon aiki kaɗai. Ƙasan jirgi kuwa kusan duk aiki ne: kaifin tsakiya don yanka ruwa, layukan gefe don kore feshi da ɗaga jirgi. Idan ka rubuta da kanka cewa ka yi lanƙwasar ne don jirgi ya ƙara sauri, ka miƙa wa abokin shari'arka wuƙa. Ka nuna abin da ido ke gani: tashin goshi, layin baki daga gaba zuwa baya, tsarin dabe da kujeru, rumfa, mazaunin direba. In kuwa da gaske ka gano wata sabuwar dabarar aiki, wannan hanyar fatent ce, wato rajistar sabuwar ƙirƙira, mai shekara 20 da kuɗin sabuntawa duk shekara, kuma ita ma bayyanawa kafin shigarwa yana kashe ta.

Hoto ɗaya da aka ɗauka a tsakar shago, da janareta da almajirai a baya, ba hoton rajista ba ne. Abin da ka nuna shi aka kare maka. Ni bakwai nake so: gaba, baya, dama, hagu, sama, ƙasa, da na karkace. Bango fari, babu inji a maƙale, babu mutum, babu suna. A shigar da ɗaya marar launi, don kada mai kwaikwayo ya sauya fenti ya ce daban ne, sannan mai launi a gefe. Buƙata ɗaya tana ɗaukar ƙira har 50 muddin kayan iri ɗaya ne, don haka a sa gangar ita kaɗai, daben shi kaɗai, da su biyun a haɗe.

Kada ka ɗauko fasalin kwale-kwalen da Nufawa da Sarkawa suka gada kaka da kakanni, ka ɗan ƙara masa tsawo, ka ce naka ne. Bambanci ƙanƙani da abin da aka sani ba ya mai da ƙira sabuwa.

Wannan ya kawo mu ga masu rataye satifiket a bango suna ganin sun gama. Magatakardan ofishin ba ya binciken ko ƙirarka sabuwa ce. Yana duba cikar takardu da biyan kuɗi, da kuma ko ƙirar ba ta saɓa wa tarbiyya da zaman lafiya ba, sai ya ba ka. Ranar da ka kai wani ƙara a Babbar Kotun Tarayya, wadda ita ce ke da hurumi kuma tana da zama a nan Kaduna, abu na farko da zai nema shi ne a soke rajistar taka. Saboda haka ka adana zanen farko, hotunan samfuri mataki-mataki da kwanan wata, da rasit ɗin kayan aiki. Kuma idan ka ga kwaikwayo, kada ka kwashi yara ku je fasa mazubi. Ka sa wani ya sayi jirgi ɗaya da rasit, ka ɗauki hotuna, ka ba lauya ya rubuta.

Lissafin shekaru ma ana kuskurensa. Kariyar shekara 5 ce daga ranar shigar da buƙata, ba daga ranar da satifiket ya iso hannunka ba. Ana sabuntawa sau biyu, shekara biyar-biyar, jimla 15. Ana biyan kuɗin ne cikin wata 12 kafin wa'adi ya cika, akwai kuma rangwamen wata 6 bayansa tare da tara. Ka rubuta ranar a jikin mazubin da fenti, nan ne kaɗai ba za ta ɓace ba.

Masu kai jirage Nijar, Chadi, Kamaru ko Binin su lura cewa rajistar Abuja a iyaka take tsayawa. Waɗannan ƙasashe huɗu suna cikin OAPI, ƙungiyar kare ƙira da ƙirƙira ta Afirka mai ofishi a Yawunde, inda rajista ɗaya ke aiki a ƙasashe 17, kuma Najeriya ba ta ciki. Amma tana cikin Yarjejeniyar Faris, wadda ta ba ka wata 6 daga ranar da ka shigar a Abuja ka shigar a can, a lissafa maka da kwanan watan farko. Idan kana da mai saye a Difa ko Garwa, ka gaya wa lauyanka tun ranar da kuka fara zama, don ya shirya takardun biyu tare kafin jirgi na farko ya tsallaka iyaka.