Kafin ka sayi DAC mai araha: inda masu sauraron kiɗa a kwamfuta ke zubar da kuɗinsu

Duk kwamfutar da ke da kafar sa iyafis tana da DAC a cikinta. Shi ne ɗan guntun da ke karɓar lambobin da aka adana waƙa da su, ya mayar da su wutar da za ta kaɗa lasifika. Saboda haka mai sayen DAC ba sabon abu yake ƙarawa ba, wanda yake da shi yake musanyawa da na waje. Babban kuskure daga nan yake farawa: mutum ya zaro kuɗi bai san ciwon da yake nema wa magani ba.

Sa iyafis ɗinka, kada ka kunna komai, ka kasa kunne. In kana jin "shuuu", ko wata tsuwa da ke sauyawa idan ka motsa linzamin kwamfuta, to hayaniyar cikin injin ce ke malalowa, kuma DAC na waje zai iya kashe ta. In ka ƙure murya amma sautin bai kai ba, amfilifaya kake nema. In kuwa ƙorafinka shi ne ganga ba ta dukan ƙirji, ko muryar mawaƙi ta shaƙe, laifin iyafis ne ko lasifika, kuma babu DAC ɗin da zai gyara. A ganina, wanda kuɗinsa ba su da yawa ya zuba kaso mafi girma a hedifon. Bambancin hedifon biyu ko yaro zai ji shi, na DAC biyu masu kyau kuwa sai an yi da gaske.

Sai maganar waƙoƙin kansu. Da yawanmu abin da ke cikin kwamfutarmu daga wurin masu tura waƙa a kasuwa ya fito, ko an tatso shi daga bidiyo, an matse shi ya koma MP3 mai 128 kbps (yawan bayanan da ke cikin kowane daƙiƙa na waƙar) ko ƙasa da haka. Faifan CD yana ɗauke da 1,411 kbps. Abin da matsewa ta zubar ya tafi ke nan. Wasu sukan juya irin wannan MP3 zuwa FLAC, nau'in fayil ɗin da ba ya zubar da komai na sauti, su ga fayil ya kumbura su yi murna, alhali kofi ɗaya na ruwa ne aka juye a randa, randar ba ta ƙara ko ɗigo ba. Gyaran shi ne a nemo waƙar daga tushe mai kyau: FLAC na gaskiya, ko aƙalla MP3 mai 320 kbps.

Manyan lambobin jikin kwali su ma suna ruɗin mutane. Za ka ga an rubuta 32-bit/384kHz, wani ma 768kHz, mai shago ya ce ai wannan ya ninka wancan. Ma'aunin CD da Sony da Philips suka fito da shi a 1980 shi ne 16-bit/44.1kHz. Wannan ya isa ɗaukar sauti har kusan 22kHz, kunnen ɗan Adam kuma a kusan 20kHz yake tsayawa, na manya ma bai kai nan ba. Bit 16 na ba da tazarar kusan desibel 96 tsakanin sauti mafi ƙanƙanta da mafi ƙarfi, wanda ya fi ƙarfin abin da ɗaki mai fanka da ƙarar babura zai bari ka ji. Ko DAC ɗin da suka fi kowa tsabta a gwaji ba sa wuce kimanin bit 20 zuwa 21 na zahiri. Duk DAC ɗin da ke iya 24-bit/96kHz ya wadatar. Tambarin MQA, wani salon adana waƙa, kuwa kada ka ƙara masa ko sisi: kamfanin da ya ƙirƙiro shi ya durƙushe a 2023, Tidal ma, manhajar sauraron waƙa ta intanet da ta fi kowa tallata shi, ta ajiye shi a 2024.

Haka nan bautar sunan guntun da ke ciki. Wani zai rantse sai ESS Sabre, wani ya ce AKM ya fi taushi, wani Cirrus Logic. A watan Oktoban 2020 gobara ta ci masana'antar AKM da ke Nobeoka a Japan, dole kamfanoni da dama suka sauya sheƙa. Schiit, alal misali, ta mayar da DAC ɗinta mai suna Modi daga guntun AKM zuwa na ESS, masu saye suka ci gaba da saye. Yadda aka tsara wutar da ke ciyar da guntun, da abin da aka jera a bayansa, su ne ke yanke hukunci. Nemi sakamakon gwajin na'urar gaba ɗayanta, ba sunan guntu ba.

Inda aka fi yin asara ta gaske shi ne rashin daidaita DAC da abin da za a jona masa. Akwai DAC zalla, mai kafofin RCA ja da fari a baya, an yi shi ne don ya ciyar da amfilifaya ko lasifika mai wutar kanta. Ba shi da kafar hedifon, wani ma ba shi da maɓallin rage murya. Akwai kuma mai haɗe da amfilifayar hedifon, irin waɗanda FiiO da Topping da SMSL ke yi da yawa. Wanda ya sayi na farko don hedifon sai ya sake fita kasuwa. Duba kuma nauyin hedifon ɗinka, wato yadda yake turje wa wuta, wanda ake aunawa da om. Yawancin na yau da kullum om 32 ne ko ƙasa, ɗan ƙaramin DAC mai kama da wayar caja ya ishe su. Amma Sennheiser HD 600 om 300 ne, Beyerdynamic DT 770 Pro kuma yana zuwa a om 32 da 80 da 250. Mutum ya ɗauki mai 250 don lambar ta fi girma, ya zo gida sautin ya fito a raunane, ya ɗora wa DAC laifi. Ga wata lamba da ba a cika dubawa ba: om na kafar fitar da sautin ita kanta. Ƙa'idar masu sana'ar ita ce kada ya wuce kashi ɗaya cikin takwas na om ɗin hedifon, wato ƙasa da om 4 ga hedifon mai 32. In ya wuce, bes, wato sauti mai kauri irin na ganga, kan kumbura ya rasa kai. Mai yin taro ko karatu ta intanet kuma ya tabbata na'urar tana karɓar makirfo, domin da yawansu ba sa karɓa.

Tun da Apple ta cire kafar iyafis daga iPhone 7 a 2016, sauran kamfanoni suka bi sahu, kasuwa ta cika da ƴan gajerun wayoyi masu kan USB-C. Ba duka ne DAC ba. Wasu waya ce zalla ba guntu a ciki, suna aiki ne kawai da wasu wayoyin hannu da ke turo sautin a shirye, in ka soka a kwamfuta shiru za ka ji. Gwada a shagon: na gaske, da ka jona shi da iyafis, kwamfuta za ta nuna sabuwar na'urar sauti da sunanta. Na Apple da ake sayarwa dala 9 a Amurka DAC ne na ƙwarai, sai dai iri biyu ne. Na Amurka, A2049, yana fitar da kusan bolt 1, na Turai, A2155, kusan rabin haka saboda dokarsu ta kare kunne. Ga iyafis babu damuwa, ga hedifon mai nauyi akwai.

Akwai matsalar da ta fi damunmu a nan, ta wuta. Ka jona DAC da lasifika, sai wani ƙugi ya tashi, "hummm", wani lokaci har da zizar da ke ƙaruwa in an tayar da janareto ko an koma kan inbata mai araha. Kafin ka mayar da kaya, zare cajar laftof ka bar ta kan batir. In ƙugin ya ɗauke, DAC ba shi da laifi, datti ne ke biyo wayar USB daga caja. Fara da jona kwamfuta da lasifika a soket ɗaya. In bai yi ba, canza cajar jabu da ta asali, ko ka sa ƴar na'urar da ke raba wutar USB tsakanin kwamfuta da DAC. In kwamfutarka da DAC ɗin suna da kafar Toslink, yi amfani da ita, haske take turawa ba wuta ba. Abin da ba za ka yi ba shi ne karya ƙafar filogi ta uku don ƙugi ya tafi, ita ce ke kare ka ranar da wuta ta zube a jikin ƙarfe. Wayar USB mai tsada kuwa ba ta maganin wannan, gajera mai ƙwari ta isa.

Saitin kwamfuta ma kan ɓata aikin. Daga 2017 Windows 10 ke gane yawancin DAC da kanta ba sai an sa mata wata manhaja ba, amma sai ka shiga saitin sauti ka zaɓe shi, ka kashe duk wasu ƙawace-ƙawacen da aka kunna, ka daidaita shi a 44.1kHz in yawancin waƙoƙinka daga CD suke. Mai amfani da manhajar kunna waƙa ta foobar2000 zai iya zaɓar saitin WASAPI na keɓewa, waƙa ta tafi kai tsaye ba tare da ƙarar saƙonni ta shiga tsakani ba.

Ranar gwaji a shago, tafi da laftof ɗinka da hedifon ɗinka da waƙa uku da ka haddace. Kunne yakan ɗauki sautin da ya ɗan fi ƙarfi a matsayin wanda ya fi kyau, ko da bambancin kaɗan ne, kuma sabon DAC yakan fi kafar kwamfuta ƙarfi. Daidaita muryar biyun gwargwadon iyawa, ka juya baya, wani ya riƙa sauya maka ba tare da ya faɗa ba. In ka kasa tantance wanne ne wanne, ɗauki mai arahar da ke da kafofin da kake buƙata, kuma ku yi magana da mai shagon a kan dawo da kaya kafin ka biya.