Kurakuran da aka fi yi wajen gwada takardar tambayoyin gano larurar cin abinci a tsakanin matan Fotugal

Yawancin takardun tambayoyin da ake gano larurar cin abinci da su, a ƙasashen da ke magana da Turanci aka tsara su. EAT-26 ta fito daga Kanada a 1982, SCOFF mai tambayoyi biyar kuma daga Landan a 1999. Kafin likita a Lisbon ko Braga, biranen Fotugal, ya dogara da su, sai an gwada su a kan matan ƙasar. Nan ne ake yawan tuntuɓe.

Na farko, a fassara takarda a ɗauka aiki ya ƙare. SCOFF tana tambaya ko mace ta rame da fiye da "stone" ɗaya (ma'aunin nauyi na Birtaniya) cikin wata uku, alhali a Fotugal da kilo ake awo, don haka sai a rubuta kusan kilo 6. Ɗauko fassarar Brazil kai tsaye ma ganganci ne, harshen ɗaya amma salon magana daban. A fassara, wani ya mayar da ita Turanci, sannan a zauna da 'yan mata su faɗi abin da suka fahimta daga kowace tambaya.

Babban kuskuren, a ganina, shi ne kiran waɗanda makinsu a takardar ya haura iyakar da aka sa kaɗai zuwa hira da likita. Idan ba a yi hira da wasu daga cikin waɗanda takardar ta ce lafiyarsu ƙalau ba, ta yaya za a san marasa lafiya nawa suka sulale? Mai fama da anoreksiya (larurar ƙin cin abinci saboda tsoron ƙiba) kuwa ta iya ɓoye halinta, sau da yawa ba ta ma yarda tana da matsala. Dole a zaɓo wasu daga masu ƙaramin maki, kuma mai hirar kada ya san makin kowa.

Ana kuma mantawa da ƙarancin larurar. Binciken Paulo Machado da abokan aikinsa na Jami'ar Minho ta Fotugal a 2007 ya samu kusan kashi 3 cikin 100 a tsakanin ɗalibai mata. A ce takarda tana dacewa sau 90 cikin 100 wajen gano masu larura da kuma wajen gane masu lafiya. Cikin mata 1,000, za ta kama 27 daga masu larura 30, ta haɗa da 97 masu lafiya. Wato cikin biyar da ta nuna, kusan huɗu ba su da komai. Rariya ce, ba hukuncin likita ba, kuma a rubuta haka ƙarara a rahoto.

Maki 20 da aka saba yanke hukunci da shi a EAT-26 ma ba wahayi ba ne, a sake lissafa shi da bayanan Fotugal. Kuma ɗaliban jami'a, duk da sauƙin samunsu, ba sa wakiltar mace mai shekara 45 da ta zo cibiyar lafiya ta unguwa a yankin Alentejo na kudancin ƙasar. Idan da ɗalibai kaɗai aka gwada, a faɗi haka tun daga taken binciken.