Yadda ake koyon rera waƙar Lied ta Jamusawa, murya da fiyano kawai

Lied dai waƙa ce da Jamusawa ke ɗauko waƙar wani marubuci su sa mata kiɗa, mutum ɗaya na rerawa ɗaya na kaɗa fiyano, shikenan, ba ganga ba 'yan amshi. Wadda nake ba mai fara koyo shawara ya kama ita ce Morgen!, wato "Gobe", ta Richard Strauss, Bajamushe mai tsara kiɗa. Ya tsara ta a 1894 cikin waƙoƙi 4 da ya ba amaryarsa Pauline de Ahna kyautar aure, ita ma mawaƙiya ce, baitocin kuma na John Henry Mackay ne. Gajeriya ce, wajen minti 4.

Da farko kar ka taɓa rerawa tukuna, ka nemo fassarar baitocin ka zauna da su. Abin da suke cewa shi ne gobe rana za ta sake fitowa, masoya biyu za su haɗu su gangara bakin teku a hankali su kalli juna ido cikin ido ba mai cewa uffan. In baka san wannan ba wallahi duk daɗin muryarka ƙara kawai kake yi.

Sai lafazi, kuma nan ne aikin yake. Ka riƙa karanta kalmomin da ƙarfi kamar magana, ba waƙa ba, kwana da kwanaki. Harafin w nasu ana faɗinsa da haƙoran sama a kan leɓen ƙasa, mu kuma bakinmu ya saba mai da shi b, toh sai ka tsaya gaban madubi ka ga haƙoran sun taɓa leɓe. S a farkon kalma kafin wasali z ce, sch ita ce sh ɗinmu, ei kuma ai. Wannan ü mai ɗigo biyu ka ce "i" amma ka tsuke baki kamar za ka ce "u". Inda muka ci riba shi ne suna bambanta dogon wasali da gajere kamar yadda muke yi, kunnen Bahaushe ba ya shan wahala a nan.

Na uku ka sauke takardar kiɗan, tana nan kyauta a IMSLP, wani shafin intanet na takardun kiɗa, ka saurari rikodin biyu ko uku a YouTube kana bi da yatsa, amma kunnenka ya kasance a kan fiyano ba kan mawaƙin ba. Dalili kuwa fiyano ne ke riƙe da ainihin karin waƙar, shi kaɗai yake tafiya tsawon lokaci a farko kai kana tsaye shiru, sannan ka shigo da kalmar "und" wato "kuma", kamar wanda ya jima yana zance a zuci sai yanzu ya fito fili. Wannan shigowar ita ce ran waƙar gaba ɗaya, kar ka faɗo mata da ƙarfi, ka ja numfashi tun da sauran lokaci ka zame ciki a hankali.

Numfashi: ka sa alama da fensir duk inda za ka shaƙa, kuma kar ka yanke kalma biyu. Waƙar a hankali take sosai shi yasa iska ke ƙarewa mutum.

Daga nan ka samu mai fiyano ku yi ta maimaitawa tare, in babu ka yi amfani da rikodin fiyano zalla a waya, duk da gaskiya ba ɗaya bane don waya ba ta jiranka. A baitin ƙarshe fiyano zai daina tafiya ya koma riƙe sautuka masu tsawo, kai kuma ka sauke murya kusan kamar magana, in ka gama kalmar ƙarshe kar ka motsa kar ka sauke kai sai mai fiyano ya ɗaga hannunsa.