Zaɓen Janareta Marar Ƙara ga Mai Fita Zango a Amurka da Kanada

Duk wanda ya tashi a Katsina ko Daura ya san janareta tun yana yaro, domin da zarar an ɗauke wuta da magariba unguwa takan cika da rugugin injuna, daga shagunan Ƙofar Ƙaura har cikin gari, kuma ba wanda yake ƙwanƙwasa wa maƙwabcinsa ƙofa saboda ƙara. Wannan ɗabi'ar ce nake roƙon 'yan uwanmu masu shirin tafiya Amurka ko Kanada, da waɗanda ba su daɗe da sauka ba, su fara ajiyewa a gida. Mutanen can suna da al'adar fita daji da iyali a lokacin zafi, su ja ɗakin kwana mai taya a bayan mota, su yada zango a gandun daji ko bakin tafki, kuma ba za a daɗe ba abokan aiki za su gayyace ku. Wanda abin ya yi wa daɗi har ya sayi nasa ɗakin ko ya ɗauki haya, zai tarar cewa wuraren zango da yawa ba su da wutar lantarki, sai dai mutum ya zo da injinsa.

A can ƙara magana ce ta doka. A gandun dajin gwamnatin tarayyar Amurka an hana kunna na'urar da ƙararta ta wuce desibel 60 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) idan aka auna daga nisan ƙafa 50, wato kimanin mita 15, kuma desibel 60 bai wuce sautin hirar mutum biyu ba. Galibin wuraren zango suna da lokacin shiru daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, wasu ma sa'o'i kaɗan kawai suke ware wa janareta da rana. Saboda haka mai tashi sallar asuba ko sahur ya dogara da batirin ɗakinsa a wannan lokacin, ya yi cajinsa tun da rana. Mutumin da ke kwance a tanti taku ashirin daga gare ku ya biya kuɗinsa ne don ya ji kukan tsuntsaye, kuma mu da aka yi wa tarbiyya a kan haƙƙin maƙwabci bai kamata sai ma'aikacin gandu ya zo ya tuna mana ba.

Injin da ya dace da wannan aiki shi ne mai inbata, wanda aka rufe jikinsa ruf. Janareta irin wanda muka saba da shi, mai buɗaɗɗen ƙarfe, dole ne ya riƙa juyi 3,600 a minti ɗaya domin ya ba da irin wutar Amurka, ko da kwan fitila ɗaya aka kunna, shi ya sa ƙararsa takan haura desibel 70. Mai inbata kuwa yakan tace wutar ta hanyar na'urar lantarki kafin ya fitar da ita, don haka yana rage gudu idan nauyin wutar da ake ja ya ragu, ya rage shan mai, kuma wutarsa ba ta lalata kwamfuta da waya. Honda EU2200i, wanda ya yi suna a tsakanin masu zango, ƙararsa tana tsakanin desibel 48 da 57, nauyinsa kuma kusan kilo 21 ne. Kada bambancin lambobin ya yi muku ƙanƙanta, domin ƙarin desibel 10 kunne yana jin sa kamar an ninka ƙarar. Ku kuma lura cewa lambar da kamfanoni suka fi bugawa a kwali an auna ta ne daga nisan kusan mita 7, injin yana ba da rubu'in wutar da yake iya bayarwa kawai, saboda haka ku nemi lambar ƙararsa idan yana aiki da cikakken ƙarfinsa. Honda da Yamaha sun fi tsada, Champion da Westinghouse sun fi sauƙi, amma a ganina abin dubawa shi ne garanti da samun mai gyara a garin da kuke.

Sai maganar girma, inda mutanenmu suka fi son a ce nasu ya fi na kowa. Kowane inji yana da lamba biyu, ta tashi da ta aiki, misali wat 2,200 na ɗan lokaci da wat 1,800 na ci gaba da aiki. Idan buƙatarku fitila ce da cajin batir da dafa shayi, wannan ya wadatar. Na'urar sanyaya ɗaki ce take sauya lissafi, domin wadda aka fi sa wa waɗannan ɗakuna tana cin kusan wat 1,500 idan tana aiki, amma a lokacin tashi takan ja ninkin haka. Mafita ita ce a sayi inji mai wat 3,000 zuwa 3,500, ko a haɗa ƙanana biyu da wayar da aka yi domin haka, ko a sa wa na'urar sanyayawar abin da ke sassauta mata tashi. Ni na fi son ƙanana biyu, domin mutum ɗaya yana iya ɗaga kowannensu, kuma a lokacin sanyi ɗaya ya isa. Mai niyyar hawa duwatsun jihar Kolorado ya ƙara sarari a lissafinsa, saboda inji yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowane hawan mita 300.

Kada kowa ya yi wahalar aiko da inji daga gida, domin wutarmu bolt 230 ce, tasu kuwa bolt 120.

Abin da ya fi duk waɗannan muhimmanci shi ne hayaƙi. Salansar janareta tana fitar da iskar kabon monoksaid wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma mun sha jin labarin iyalan da suka kwanta da inji a cikin gida ba su farka ba. Hukumomin Amurka suna ba da shawarar a ajiye shi a fili, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, bakin salansar yana kallon nesa da ku da kuma maƙwabta. Ku zaɓi wanda yake kashe kansa idan iskar ta taru, ku kuma gwada ƙararrawar hayaƙin da ke cikin ɗakin kafin kowace tafiya. Tsoron ɓarawo ba hujja ba ce ta shigar da shi ƙarƙashin ɗakin; sarƙa da kwaɗo sun isa.

A dazuzzukan gwamnati ana kuma buƙatar salansar ta kasance da ragar tare tartsatsi saboda gobarar daji, don haka ku tabbatar an rubuta hakan a jikin injin. Fetur ɗin Amurka galibi yana da gaurayen itanol kashi 10 cikin 100, wanda ke toshe kafireta idan ya kwana watanni, saboda haka idan hunturu ya gabato ku tsiyaye man, ku canza baƙin mai, sannan ku adana injin. Wanda ba ya son wannan ɗawainiya ya sayi mai aiki da fetur da gas, tunda ɗakin da ma yana ɗauke da tukunyar gas ta girki, sai dai ƙarfin wutar yakan ɗan ragu idan aka koma kan gas.